Yadda ɗalibin lisansi zai samu gurbin bincike na dogon hutu a fannin kayan ƙera na'urorin lantarki

Shekara ba ta wucewa sai wani ƙane ya tare ni a watan Mayu, ana cikin zafin nan da ke gaban ruwan farko a Marwa, ya ce: "Yaya, ina son sitaj na bincike a waje cikin hutun nan, ta ina zan fara?" Amsar ba ta yi mini daɗin faɗa, amma dole: ka makara. Lokacin da Turawa ke buɗe ɗakunan bincikensu ga ɗalibai, wato Yuni zuwa Satumba, shi ne daminarmu, kuma shi ne dogon hutunmu. Amma karɓar takardu tun cikin hunturu ake gama ta, yawanci tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana son damina mai zuwa ta same ka a ɗakin bincike, aikinka zai fara ne a Oktoba, makon da aka koma aji.

Na rubuta wannan ne don 'yan fizik, kimiyyar sinadarai da injiniyan lantarki da ke Dang a Ngaundere, da Politeknik ta Marwa, da sabuwar jami'ar Garwa, da 'yan'uwanmu na Farsha a Injamena.

Mataki na 1: san fannin da bakinka

Fannin nan yana nazarin abin da ke cikin na'ura ne: silikon da ke cikin panon sola da ƙwaƙwalwar waya, galiyum naitiraid da ke cikin ƙwan LED da ƙananan cajoji masu sauri, gilashin da ake shafa wa sinadari ya riƙa ɗaukar lantarki alhali haske na ratsa shi, kamar fuskar wayarka. Yawancinsu semikondakta ne, wato ba su kai tagulla wucewar lantarki ba, ba su kuma toshe shi kamar roba ba. Abin da ke bambanta su shi ne giɓin makamashi, tsallen da elektoron zai yi kafin ya samu sakewa ya yi tafiya. Da eV ake auna shi, wato ma'aunin makamashin elektoron. Na silikon 1.12 eV ne, na galiyum asenaid 1.42, na galiyum naitiraid 3.4. Faɗin giɓin nan ne ya sa galiyum naitiraid, in an haɗa shi da ɗan indiyum, ke ba da shuɗin haske, aikin da ya kai Akasaki da Amano da Nakamura ga kyautar Nobel a 2014.

Dalilin da ya sa na fara da wannan: duk wanda zai karanta takardarka yana gane mai son tafiya Turai da mai son aikin. Zaɓi kusurwa guda ka zauna a kanta. Sola, na'urorin auna haske, batir, ko lissafin sinadarai a kwamfuta. Ga ɗan arewa ina ba da shawarar sola, saboda ranar da ake magana a kanta a litattafai ita ce ke dukan kwanon gidanku. Ga tashoshin Marwa da Gider da suka fara da kimanin megawat 30 a haɗe, suna tallafa wa madatsar ruwan Lagdo mai ba da lantarki idan ruwa ya ja baya. Ga kuma boksit, ma'adinin da ake fitar da alminiyum daga cikinsa, na Minim-Martap da Ngaundal a Adamawa, kuma galiyum ɗin duniya yawancinsa wajen tace boksit ake samun sa. Fannin bai yi nisa da mu kamar yadda ake zato ba.

Mataki na 2: ware ƙofofin da za su buɗe maka

Shekarar da na fara nema, mako uku na yi ina zarya sibar, wato shagon intanet, ina cika takardun REU, shirye-shiryen bincike na ɗaliban digiri na farko a Amurka, waɗanda hukumar tallafa wa kimiyya ta ƙasar, NSF, ke ɗaukar nauyi. Suna da yawa, kuma a wannan fanni sun fi kowa. Sai daga baya na ga layin da ke ƙasa: kuɗin NSF na 'yan Amurka ne da masu takardar zama na dindindin a can. Haka RISE Germany na DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, na ɗaliban jami'o'in Amurka ta Arewa da Birtaniya da Ayalan ne. Saboda haka, kowane shafi ka buɗe, sauka kai tsaye wurin sharuɗɗan cancanta kafin ka karanta komai. Tambaya uku: ana karɓar ɗan kowace ƙasa? Wace shekarar karatu ake so? Wa ke biyan jirgi da masauki?

Ga waɗanda na san suna karɓar ɗan Kamaru da ɗan Cadi:

KAUST, jami'ar da ke Thuwal a bakin Bahar Maliya, arewa da Jidda. Shirinta na VSRP wata 3 zuwa 6 ne, ana nema duk tsawon shekara, kuma ita ke biyan jirgi, masauki da kuɗin kashewa. Suna son maki mai tsawo, wajen 3.5 bisa 4. A can ne a 2023 aka haɗa silikon da ferobskait, wani sinadari mai kama haske, a tantanin sola guda aka kai kashi 33.7 cikin ɗari na juya hasken rana zuwa lantarki. Ga 'yan mata, wannan ce ƙofar da iyaye suka fi saurin amincewa da ita, don ƙasar ba baƙuwa ba ce a kunnensu.

DESY, cibiyar binciken fizik a Hambug ta Jamus. Shirin yakan fara tsakiyar Yuli ya ƙare farkon Satumba, ana rufe karɓa ƙarshen Janairu. Suna da PETRA III, babbar na'urar hasken X da ake leƙa tsarin atom na sinadarai da ita. Lokacinsu ya fi dacewa da kalandarmu, don yawanci an gama jarrabawa.

CERN, cibiyar binciken fizik ta Turai a Janeba, mako 8 zuwa 13, shi ma ƙarshen Janairu. An fi saninsa da fizik na ƙananan ƙwayoyi, amma idanun da ke gano ƙwayoyin nan da silikon ake yin su, kuma akwai masu nazarin yadda tiririn nukiliya ke lalata silikon ɗin.

EPFL, jami'ar fasaha da ke Lozan a Suwizalan, tana da shirin E3 na tsangayar injiniya, wanda ya haɗa da sashen kimiyyar kayan ƙira da na lantarki. Garin Faransanci ake yi, abin da zai sauƙaƙa maka kasuwa da mota. Jami'ar OIST a Okinawa ta Japan kuma sau biyu take karɓa a shekara, Oktoba da Afrilu.

DESY da CERN suna son wanda ya cika shekara uku a jami'a kafin ya iso. A tsarin LMD, wato lisansi, masta da digiri na uku, wannan na nufin ka nema kana L3 (shekara ta uku ta lisansi) ko M1 (shekarar farko ta masta). In kana L1 ko L2, kada ka ce ba ruwanka, mataki na gaba naka ne fiye da kowa. Ranaku kuma suna ɗan motsawa kowace shekara, sai ka duba shafin hukuma na kowanne a Oktoba ka rubuta a bangon littafinka. Huɗu ko biyar sun isa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Mataki na 3: yi ƙaramin aiki da hannunka

Nan ne zan daɗe, don nan ne ake cin nasara. Ɗalibin Jamus ko na Indiya da za ku yi takara ya taɓa na'urorin da kai a hoto kawai ka gani. Ba za ka fi shi kayan aiki ba. Abin da za ka kawo shi ne shaidar cewa ka iya auna abu, ka rubuta, ka fahimci abin da ka gani. Ga aiki biyu da ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba.

Na farko: auna giɓin makamashin silikon da ruwan zafi. Je wurin mai gyaran rediyo ko talabijin a kasuwa ka sayi dayod 1N4148, da rezista ta 10 kΩ, da batir mai 9 V. Ari maltimita da ma'aunin zafi mai kaiwa digiri 100. Haɗa batir da rezista da dayod a jere, sai wutar da ke bi ta tsaya kusa da miliamfa ɗaya ba ta cika motsi ba. Sa dayod ɗin cikin siririyar leda ka ɗaure don kada ruwa ya taɓa wayoyin, ka manna shi da bakin ma'aunin zafi. Tafasa ruwa a butar shayi, zuba a kofin silba, tsoma su. Bar ruwan ya huce da kansa, kana rubuta boltej ɗin dayod duk saukar digiri 5, daga wajen 80 har zuwa zafin ɗaki. Za ka ga duk ƙarin digiri ɗaya yana rage kimanin milibolt 2. Ƙara 273 a kan kowane zafi ya koma kelbin, zana layi a takardar girafi, ja shi baya har sifili. Zai faɗi kusa da bolt 1.2. Wannan lambar ita ce giɓin silikon a wajen sanyi na ƙarshe. Ranar da na fara ganin layin ya sauka a wurin, a kan tabarma, kofin shayi a gefe, na daɗe ina kallon takardar. Maimaita sau uku, ka rubuta bambancin da ke tsakani, ka yi tunanin dalilinsa: ledar ce ke jinkirta zafi, ko batir ne ya fara rauni? Wannan tunanin shi ake nema a wurinka.

Na biyu ya fi daraja, don namu ne. Ƙarfin da aka rubuta a bayan kowane pano an auna shi ne a digiri 25 da haske wat 1000 a kan murabba'in mita. Pano a kan kwano a Marwa ko Kusiri cikin Afrilu yakan haura digiri 60. Silikon yana asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri sama da 25, ka ga a digiri 65 kusan kashi 16 ya tafi tun ba a zo maganar ƙura ba. Samu ƙananan pano biyu iri ɗaya, masu wat 10 ko 20. Ajiye su gefe da gefe a karkace iri ɗaya. Ɗaya ka goge shi kullum da safe, ɗaya ka bar shi da hazon hunturu. Kowace rana a lokaci guda, ka ce bayan azahar, auna boltej ɗin kowanne ba tare da an jona komai ba, sannan ka mayar da maltimita wurin 10 A ka auna wutar da yake bayarwa kai tsaye, ka kuma auna zafin bayansa. Boltej zai nuna maka aikin zafi, wutar kuma za ta nuna aikin ƙura, don tana bin yawan hasken da ya shiga. Mako huɗu sun isa. Ka rubuta ranar da hazo ya rufe gari har ba a ganin tsauni, da ranar da aka yi iska. Ka tsaya kan ƙananan pano kawai, kada ka gwada wannan a kan jerin manyan pano na gida, kuma kada ka taɓa yin sa a kan batir.

Mai kwamfuta ya ƙara da lissafi. SCAPS-1D na Jami'ar Gent kyauta ne, yana kwaikwayon tantanin sola, za ka iya ɗaga zafi a ciki ka kwatanta da abin da ka auna. Shafukan intanet na Materials Project da nanoHUB a buɗe suke ga mai rajista. Quantum ESPRESSO, mai lissafin tsarin elektoron a cikin sinadarai, ma kyauta ne, kuma lissafin silikon mai atom biyu tsohuwar kwamfuta tana ɗauka. Koyi Python gwargwadon zana girafi.

Rubuta sakamakon a shafi biyu: tambaya, yadda ka yi, girafi biyu, abin da ka gane, da inda awon ya yi rauni. Kai wa malamin da ke koyar da fizik na daskararrun abubuwa ko lantarki ya duba.

Mataki na 4: takardu

Fasfo da wuri. A Kamaru kuɗinsa sefa 110,000 ne, ana fara rajista ta intanet. Tun da kuɗin ba kaɗan ba ne, sanar da gida tun lokacin kaka, sa'ad da akwai abin sayarwa. Nemi relebe, wato takardun maki, na kowane zango tun Oktoba, ka kai wa mai fassara mai rantsuwa ya mayar da su Ingilishi in an buƙata. Kada ka juya makinka zuwa bisa 4 da kanka in takardar ba ta ɗauke da MGP, wato matsakaicin maki bisa 4. Rubuta shi bisa 20 yadda yake, ka ƙara matsayinka a aji. 14 bisa 20 ƙarami ne a idon wanda bai san tsarin Faransa ba, amma "na uku cikin ɗalibai tamanin" kowa ya gane. Ka ɗauki hoton takardun da kyau, kowace a fayil ɗinta da sunanka, ka ajiye a imel da kuma waya.

Ingilishi shi ne harshen aiki a duk wuraren nan, har da Lozan. Ba sai ya yi zaƙi ba. A iya karanta maƙala, a iya bayyana girafi. Samu abokin aji daga Bamenda ko Buya ku riƙa hira rabin sa'a kullum, kai kuma ka taya shi lissafi.

Mataki na 5: wasiƙun malamai

Yawanci biyu ake so. Zuwa da kai ya fi aike: je ofis da kanka wata ɗaya kafin ranar rufewa, da takardar tarihin karatunka, da shafi biyun nan, da jerin wuraren da ranakunsu. Bayan gaisuwa ka ce: "Malam, alfarma nake nema. Ga aikin da na yi, ga inda nake son nema. Ko za a taimaka mini da wasiƙar shaida?" Wanda ya ga hannunka a aikin gwaji ya fi babban furofesan da bai san fuskarka ba.

Malamin ne da kansa ke loda wasiƙar ta mahaɗin da za a aiko masa. Wata ƙanwata ta rasa gurbi a kan haka: saƙon ya faɗa akwatin tarkace, ita tana jin nauyin tunatarwa, ranar ƙarshe kuma aka wuni ba wuta. Da ka saka sunan malami, koma ka gaya masa saƙo ya fita, ku duba tare. Bayan mako guda ka sake leƙawa da ladabi. Kai ma ka aika naka kwana biyar kafin a rufe.

Mataki na 6: wasiƙar bayyana nufi

Shafi ɗaya. Kada ka buɗe da cewa tun kana yaro kake son kimiyya, ko da talaucin Afirka. Buɗe da abin da ka auna: pano biyu, mako huɗu, hazon Janairu, ga abin da wuta ta ragu. Sai tambayar da ta tsaya maka, wadda kayan da ke hannunka ba za su amsa ba. Misali, ferobskait ya tashi daga kashi 3.8 a 2009 zuwa sama da 25, amma zafi da laima suna lalata shi, to yaya zai yi a garin da ke kaiwa digiri 43 a inuwa? Sai ka ambaci ɗakin bincike ɗaya ko biyu na wurin, da maƙalarsu da ka karanta da gaske, ko da gabatarwa da hotuna kawai ka fahimta. Ana samun da yawa a arXiv, shafin intanet na maƙalun kimiyya. Faɗi abin da ka iya, kada ka ƙara gishiri, don in an kira ka hira ta bidiyo a kansa za a tambaye ka. Ranar hirar ka nemi wuri mai intanet mai ƙarfi, waya cike da caji, da layi na biyu a ajiye.

Kowane wuri da tasa wasiƙar. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya zai samo maka gurbi a ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan damfara ne.

Mataki na 7: in an karɓe ka

Amsa takan zo tsakanin Maris da Afrilu. A ranar ka nemi lokacin ganawa na biza, don layin damina yana da tsawo. Ofisoshin jakadanci suna Yawunde, ka sa kuɗin jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere da kwanan 'yan kwanaki a lissafi. Bizar Shengen ta ƙasa da kwana 90 yuro 90 ce, kusan sefa 59,000, da inshorar lafiya mai rufe yuro 30,000. Zaman da ya wuce kwana 90 biza ce ta daban. Riƙe katin rigakafin shawara. Tambayi masu shirin ko su ke sayen tikiti ko kai za ka saya su mayar maka, don bambancin yana da girma ga gida. Kai takardar gayyata ga shugaban sashe da wuri a daidaita ranakun jarrabawa, kuma ka dage kada ka bar darasin da zai mayar da kai jarrabawar gyara.

A ɗakin bincike, makon farko na horon kariya ne, kada ka raina shi. Asid ɗin HF da ake wanke silikon da shi yana ratsa fata ba tare da ka ji zafi nan take ba. A ɗakin da ƙura ba ta shiga za ka sa riga daga kai har ƙafa, ba turare, ba hoda, ba fensir. Wanda zai riƙe hannunka kullum ɗalibin digiri na uku ne, ka girmama shi yadda za ka girmama furofesa. Rubuta komai a littafin aiki da kwanan wata, har samfurin da ya fashe. In ka ɓata abu, faɗa a take. In ba ka gane ba, tambaya, matambayi ba ya ɓata. Maganar lokacin salla da Juma'a kuma ka yi ta tun ranar farko a tsara aiki da ita.

Mataki na 8: in ba a karɓe ka ba

Masu nema sun ninka gurabe sau da yawa, rashin samu a karon farko ba abin mamaki ba ne. Kada daminar ta tafi a banza. Roƙi malami ya haɗa ka da ɗalibin mastarsa ka taya shi awo. Rubuta wa cibiyar fizik ta CEPAMOQ a Jami'ar Duwala ko jami'ar kimiyya da fasaha ta AUST a Abuja ka nemi zaman mako shida. Kai takardar neman sitaj wurin masu girka sola a garinku, ka fita da su da maltimitarka, ka ga yadda pano ke tsufa, inda ya yi rawaya, inda ya ƙone a tabo guda. Maimaita awon panonka cikin damina ka kwatanta da na hunturu, sai ya zama kana da yanayi biyu a hannu kafin Oktoba.

Sa ido kuma kan ICTP, cibiyar fizik ta Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masana na ƙasashe irin namu. Tana da difloma ta shekara guda bayan digiri, da reshen fizik na daskararrun abubuwa, tana kuma tallafa wa ASESMA, makarantar lissafin tsarin elektoron da ke zagaya ƙasashen Afirka tun 2010. An fi ɗaukar 'yan mastar da digiri na uku a ASESMA, amma Quantum ESPRESSO da ka fara taɓawa a L2 yana cikin abin da ake koyarwa a can.

Wanda ya samu ya je kuwa, kafin ya bar wurin ya roƙi mai kula da shi wasiƙar shaida tun aikin yana sabo a ransa, ya tambayi abin da aka yarda ya nuna a waje. Da an koma aji a Oktoba, ya nemi sa'a ɗaya a wurin shugaban sashe, ya tara 'yan L2 da L3, ya nuna musu girafinsa da wasiƙar da ya rubuta, ya rubuta musu ranakun rufewa na bana a allo.